Mai Kati da Labaran da Ba Ta Gane Ba

Shekara ashirin da bakwai ta yi a ɗakin kati na wani babban asibiti, tana zaune bayan kanta mai taga biyu, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta miƙawa. Shi ya sa ko da ta yi ritaya sunan bai sake ta ba. Maƙwabta Mai Kati suke ce mata, masu kayan miya na bakin titi Mai Kati, har jikokinta in sun so tsokana sai su ce Kaka Mai Kati. Abu biyu aka san ta da su a wurin aiki. Na farko murya: in ta leƙo ta taga ta kira lamba, wanda ke gyangyaɗi a bencin ƙarshe sai ya zabura, ba ta taɓa neman lasifika ba. Na biyu ido: babu rubutun likitan da ya taɓa gagarar ta. Takardar da mai ba da magani ya juya sama ya juya ƙasa ya rasa kanta, ita ake kawo wa, ta ɗan gyara tabarau ta ce, "Sau uku a rana, bayan cin abinci," a wuce wurin.

Mace ce mai son kowane abu ya zauna a mazauninsa. Fayil yana da lamba, lamba tana da gurbi. Mara lafiya in ya shigo, ɗayan uku ne: a sallame shi, a kwantar da shi, ko a tura shi gaba. Ko fim ba ta iya kallo sai an fara gaya mata wane ne mugun, don kada ta ɓata tausayinta a kan wanda bai cancanta ba.

Mijinta shi ne direban motar asibitin, a nan ma suka haɗu, kuma shi ma Direba ake ce masa har yau. Da ya bar aiki ya sayi wata tsohuwar mota, wai zai riƙa haya da ita. Wata huɗu ta yi tana tafiya, sannan ta tsaya a tsakar gida, tayoyinta suka sace, ba ta sake motsi ba. Kullum da safe sai ya goge ta tas, kamar mai shirin fita.

Sai yayanta, wanda ya girme ta da shekara tara. Injiniya ne a ma'aikatar ruwa, mutum mai shiru-shiru, mai karatun wasu irin littattafai da babu hoto ko ɗaya a cikinsu. Tun suna yara ba ta gane kansa ba. Shi ne ya taɓa kwance rediyon mahaifinsu ɗaya tak don ya ga inda mai maganar yake zama. Ita Yaya take ce masa, shi kuma Auta, ko da furfura ta cika kawunansu duka biyu. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Matarsa ta riga shi barin duniya da daɗewa, 'ya'yansa kuma kowa na can wurin aikinsa mai nisa. Mai Kati ba ta yi shawara da kowa ba, ta share ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, ta sa katifa da tebur da fanka, ta ɗauko yayanta.

Kalma uku suka rage masa a baki waɗanda ke fita sarai: "to", "a'a", da "Auta". Likitan da ke motsa masa gaɓoɓi ya ce a ba shi biro ya riƙa rubutu da hannun hagu, ko da jagwalgwalo ne, zai taimaka. Ta sayo masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta, tana tsammanin zai cika shi da a, ba, ca. Bayan mako uku ya kira ta, ya tura mata littafin da yatsa.

Rubutun kamar kaza ta yi tono a kan takarda, amma ita ba a gaya mata karatun mummunan rubutu. Ta zauna a bakin katifa ta karanta. Labarin wani kumbo ne, babba kamar gari, wanda ya bar wannan duniyar ya nufi wani tauraro, tafiyar shekara ɗari huɗu. Waɗanda suka tashi da shi sun mutu tuntuni, waɗanda za su sauka ba a haifi kakanninsu ba. Labarin na mutanen tsakiya ne, waɗanda ba su ga tashi ba kuma ba za su ga sauka ba. A cikinsu akwai wata mai gyaran famfo da ta wayi gari ta ajiye sifana ta ce ita dai a gaya mata wanda ya tambaye ta kafin a sa ta a wannan tafiya. Aka yi ta taro, aka yi ta musu. A shafi na ƙarshe matar ta ɗauki sifanarta ta koma ta ɗaure famfon da ke yoyo.

Mai Kati ta juya shafin, babu komai a baya.

"Yaya, ina sauran?"

Ya girgiza kai.

"Sun isa?"

"A'a."

"Sun halaka ke nan?"

"A'a."

"To me ya faru? An ba ta amsa ko ba a ba ta ba?"

Ya jawo littafin, ya daɗe yana jan biro a bayan bango, ya juyo mata. Ya rubuta: Ya ƙare.

Ta dube shi, ta dubi littafin. A ranta ta ce ciwon ya taɓa kai. Har ta fara tunanin wane likita za ta kira a cikin tsofaffin abokan aikinta. Amma sai ya ɗauko wayarsa, da babban yatsan hagu ya buɗe mata wani shafi na intanet. Shi da kansa ya ƙirƙiro shi, a kwance, cikin kwanakin da take zaton hotunan jikoki yake kallo. Shafin babu komai a kansa sai suna a sama, kalma ɗaya: Tambaya. Da rubutu da nuni da "to" da "a'a" ya fahimtar da ita abin da yake so. Ta buga labarin a kwamfuta, tunda ta iya tun a ɗakin kati, a ɗora don masu karatu. Sannan ta karanta shi da muryarta a ɗauka, a ɗora don waɗanda ba su da lokacin zama, ko idonsu ba ya gani, ko karatun ne bai zauna musu ba.

"Ni? In karanta wa duniya abin da ban gane ba?"

"To," in ji shi.

Da wani ne ya roƙe ta da ta ce a'a tun kafin ya rufe baki. Amma wata biyar ke nan ba ta ga ya so wani abu ba, ko abinci sai an lallashe shi. Ta ɗauki littafin ta fita.

Bugawa ba ta ba ta wahala ba. Ɗaukar murya ce ta kusa sa ta kuka. Karon farko da ta kunna abin da ta ɗauka, Direba ya fito daga wanka da gudu yana tambayar wa ake kira. Ashe da muryar taga ta karanta, kamar mutanen kumbon suna bencin ƙarshe. Ta koyi sassautawa. Sai kuma hayaniyar gida ta taso mata. In ta fara a falo, injin niƙan maƙwabta ya tashi. Ta koma ɗaki, fanka na kuka, in ta kashe ta kuma zakara ya samu fili. Ta gwada ɗakin ajiya, mai sayar da ruwa ya buga ƙofa daidai inda matar ke ajiye sifana.

Direba ya daɗe yana kallon ta tana yawo da waya ɗaki-ɗaki, sannan ya ce, "Maman yara, ki shiga mota mana. In kika ɗaga gilashi ko harbi aka yi ba za ki ji ba."

"Wannan gawar taka?"

"Gawa ai ba ta surutu."

Haka kuwa aka yi. Da hantsi, in ta gama aikin gida, sai ta ɗauki littafi da waya da tawul da gorar ruwa ta shige kujerar baya ta rufe ƙofa. Zafi kamar tanda, gumi na ɗiga a kan tabarau, amma shiru tsit. Direba ya ɗauki kujera ya zauna a gefe yana korar kaji, yana alfahari wai motarsa ta koma bakin aiki.

Makon farko mutum tara suka saurara. Ta ƙirga: ita sau biyu, Direba, Yaya sau uku, 'yarta ta fari da aka tilasta wa. Saura biyu ba ta san ko su wane ne ba, kuma wannan ya dame ta fiye da yadda ta zata. A asibiti ba ta taɓa yi wa mutum magana ba tare da katinsa na hannunta ba. Yanzu ga wasu mutum biyu, babu suna babu lamba, sun zauna minti goma sha ɗaya suna jin muryarta, sun tashi ba su ce komai ba.

Yaya bai tsaya ba. Duk kwana goma sai ya turo sabon labari. Akwai na wata duniya da yini ɗaya a cikinta shekara tamanin ne, inda waɗanda aka haifa da safe ba su yarda akwai wani abu wai shi duhu ba. Akwai na wata na'ura da aka ba aikin ƙirga taurari, ta gama, ta juyo ta tarar babu wanda za ta kai wa sakamako. Kowanne ta karanta sai ta yi tambaya iri ɗaya, wane ne mai gaskiya a ciki, shi kuma ya ɗaga kafaɗar da ke motsi. Masu sauraro suka kai ɗari, suka wuce. Suka fara barin tsokaci a ƙarƙashin kowane labari, kuma da yake muryarta suke ji, ita suke yi wa magana. Wani ya rubuta, "Malama, a ganinki na'urar tana da rai ne ko kuwa kwaikwayo take yi?" Wata ta ce, "Mai hikima, Allah ya ƙara basira." Mai Kati ta riƙa karantawa tana dafe ƙirji. Ta rubuta a saman shafin, da manyan baƙaƙe, cewa ita mai karatu ce kawai, yayanta ne mai rubutawa. Wani ya amsa cewa wannan ma salo ne mai zurfi.

A labari na bakwai ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin da bakwai na aiki: ta ƙara abin da ba ya cikin takarda. Labarin wani mutum-mutumi ne da masu gida suka bari ya kula da gida, suka tafi wata duniyar, suka ce suna dawowa. Ya yi ta shara, yana gyara gado, yana buɗe tagogi da safe, shekara ɗari biyu. Wata rana ya tsaya yana tambayar kansa ko gidan da babu kowa a cikinsa gida ne, in kuma ba gida ba ne, shi me yake karewa. Labarin ya ƙare yana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Ta buga shi daidai yadda yake, ko waƙafi ba ta taɓa ba, don rubutu a wurinta amana ne. Amma a cikin mota, da ta kai layin ƙarshe, sai bakinta ya ƙi tsayawa. Ta ji kanta tana cewa, "Yana nan tsaye sai ya hango ƙura daga nesa. Ashe jikar jikar masu gidan ce ta dawo, da 'ya'yanta uku. Ta ce masa sannu da aiki, ta karɓi tsintsiyar, ta ce ya je ya huta." Ta kashe waya, ta share gumi, ta ɗora duka biyun, ba ta gaya wa kowa ba.

Kafin kwana biyu shafin ya kama da wuta. Masu karatu suka ce babu wanda ya dawo. Masu sauraro suka ce da kunnensu suka ji ta dawo, har da yara uku. Aka fara kiran juna maƙaryata. Sai wani mai kiran kansa Ɗalibin Falsafa ya rubuta dogon bayani, ya fi labarin tsawo, yana cewa da gangan aka yi: wai an nuna mana ne cewa gaskiyar da ido ke gani daban, wadda kunne ke ji daban, kuma mutum-mutumin shi ne mu, da ba mu san wacce za mu kama ba. Mutum sittin suka yaba masa.

Mai Kati ta karanta bayanin sau uku. Ta kai wa Direba ta ce, "Don Allah karanta ka gaya min, ni na yi wannan?"

Ya karanta rabi ya miƙo mata. "Ni dai abin da na sani, kin ji tausayin ƙarfe."

Yaya kuwa ya juya fuska ga bango. Ta kai abinci, bai taɓa ba. Ta kira shi, bai ce ko "a'a" ba. Washegari ta tarar da takarda a kan tire, biro har ya huda ta: BA TA DAWO BA.

"Shekara ɗari biyu yana shara, Yaya!" Muryar taga ta dawo mata ba ta sani ba. "Ɗari biyu! Ko kai ba ka ji komai ba? Kai ka halicce shi a takarda, ka bar shi tsaye a ƙofa kamar mai jiran layi, babu wanda zai kira lambarsa. Ni ban iya barin mutum a benci in rufe taga ba."

Ta fita tana huci, ta zauna a kicin tana jin kunyar ɗaga wa yayanta murya. Can da la'asar ta ji wani sauti daga ɗakinsa, kamar ana jan kujera a kan siminti. Ta ruga a guje tana zaton ciwon ne ya dawo. Ta same shi riƙe da waya, yana karanta bayanin Ɗalibin Falsafa, rabin fuskarsa na dariya, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Tun da ya kwanta ba ta ji dariyarsa ba. Ta tsaya a ƙofa, ta rasa ko haƙuri za ta bayar ko ita ma dariyar za ta yi.

Labari na takwas da ya turo, ya bar rabin shafin ƙarshe fari, ya rubuta a ƙasa: Auta, cika. Ta shiga mota da ƙarfin gwiwa. Ta karanta har inda rubutunsa ya tsaya, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Da aka hana ta, magana ta zo da kanta. Yanzu da aka ba ta izini, kanta ya zama fayau. Ta zauna tana kallon bayan kujerar direba, tana jin numfashinta, minti ɗaya da wani abu, sannan ta haƙura ta kashe. Ta manta ba ta yanke wurin ba, ta ɗora shi haka. Washegari tsokaci ya fi na kullum yawa. Kowa shirun yake yabawa. Wata ta ce a cikin shirun nan ne ta yi kuka. Mai Kati ta ajiye wayar a hankali ta ce wa Direba ita kam ta daina gane mutane.

Bayan kusan shekara guda, ta kai Yaya asibiti ganin likita. Suna zaune a benci, keken guragunsa a gefenta, sai ta ga sabon ma'aikacin ɗakin kati yana kiran lamba ƙasa-ƙasa kamar mai jin barci, wani tsoho kuma lambarsa ta wuce bai ji ba. Ba ta iya daurewa ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Lamba arba'in da biyu, taga ta biyu!" Tsohon ya zabura. Wata nas da ke wucewa da tire ita ma ta tsaya cak, ta juyo.

"Baba, don Allah sake magana."

"Me zan ce, 'yata?"

"Ke ce! Ke ce mai karanta labaran Tambaya!"

Nas ɗin ta ajiye tiren a kan taga, ta tsuguna a gabanta, a nan cikin jama'a. Ba yarinya ba ce, za ta kai arba'in. Ta ce duk labaran tana jin su a hanyar zuwa aiki, amma akwai ɗaya da ya hana ta sukuni. Shi ne na mutumin da aka kwashe duk abin da ya sani da duk abin da yake tunawa aka zuba a na'ura, jikinsa kuma ya ci gaba da rayuwa babu tunani ko ɗaya, aka ce wa matarsa ta zaɓi wanda za ta kai gida. Ta ce mahaifiyarta shekara uku ke nan ba ta gane ta. Tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki, tsohuwar na ce mata, "Sannu baiwar Allah, 'yar wace ce ke?"

"Baba, ke da kika san waɗannan abubuwa, ki gaya min. Wadda nake yi wa wankan nan, uwata ce har yanzu? Ko uwata ta riga ta tafi?"

Mai Kati ta waiwaya ta dubi Yaya. Yana jin komai, amma ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Ta so ta ce mata, ga mai labarin nan, shi za ki tambaya. Sai ta ga idon matar, ta ga ba za ta iya tura ta wata taga ba.

"'Yata, ni ba masaniya ba ce, a ɗakin can na yi aiki," ta ce, tana nuna kantar. "Abin da na sani shi ne, wani lokaci fayil yakan ɓace gaba ɗaya. Duk tarihin mutum, shekara da shekaru, a neme shi a rasa. Ban taɓa ce wa mai shi ya koma gida wai ba shi ba ne. Sabon kati nake buɗe masa, a ci gaba da duba shi. Iyakar abin da na sani ke nan."

Nas ɗin ta riƙe hannunta da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ɗauki tirenta ta tafi tana share ido da kafaɗa.

Duk hanyar komawa gida Mai Kati ba ta da natsuwa. Mutum ai ba fayil ba ne. In matar nan ta ɗauki maganarta ta gina wani abu a kai, alhali ita ma ba ta san abin da ta faɗa ba fa? Suna isa, ko mayafi ba ta cire ba, ta ajiye littafi da biro a cinyar Yaya.

"Yau sai ka gaya min. Matar cikin labarin, wanne ya kamata ta kai gida, na'urar ko jikin?"

Ya rubuta: Ban sani ba.

"Kamar ya ba ka sani ba? Kai ka rubuta!"

Ya ƙara a ƙasa: Da na sani, da ban rubuta ba.

Ta zauna a bakin katifa. Shekara guda tana shiga mota tana shan zafi, tana zaton ita kaɗai ce a duhu, amsoshin suna nan a cikin kan Yaya ya ɓoye don ya gwada mutane. Ashe shi ma bai da su. Sai wani tunani ya zo mata. Mutumin da komai nasa ke nan a ciki amma jiki ya ƙi, da jikin da ke nan amma ba a iya kaiwa ga mai shi.

"Yaya," ta ce a hankali, "labarin nan, kai ne?"

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ja biro: A'a. Wani tsohon famfo ne a wurin aikinmu. Mun canza masa komai, ɗaya bayan ɗaya, muna ta kiran sa da tsohuwar lambarsa.

Ta karanta, ta sake karantawa. Har yau ba ta san ko gaskiya ya faɗa mata ba, ko kuwa ya kawar da ita ne kamar yadda ya saba tun suna yara.

A shekara ta biyu harshensa ya ɗan saki. Kalmomi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, a karkace, wasu sai an yi haƙuri kafin a gane. Ita ce ta kawo shawarar ya karanta labari ɗaya da bakinsa, ko gajere ne. Ya ce a'a har sau huɗu, a na biyar ya ɗauki biro. Ya rubuta wani ɗan labari mai shafi ɗaya, na wani saƙo da ya iso daga sararin sama, masana suka shekara talatin suna fassara shi, a ƙarshe suka gano cewa abin da yake cewa shi ne, "Kuna ji na?" Kwana tara suka yi suna ɗauka, jimla-jimla, ita riƙe da waya a bakinsa, shi yana gumi yana maimaita kalma ɗaya sau goma. Da aka haɗa, minti huɗu ne. Ta saurara ita kaɗai, ta ji yadda muryar ke tuntuɓe, ta ji tsoron abin da mutane za su ce. Ta tambaye shi ko a bar shi a gida kawai. Ya ce, da bakinsa, "Ɗora."

Tsokacin bai yi yawa ba. Wani ya ce sautin bai fita ba, a gyara. Wani ya ce don Allah a dawo musu da mai karatunsu ta da. Ɗalibin Falsafa, karon farko, layi ɗaya kawai ya rubuta, ya ce yana gaishe da marubucin. Ta riƙa karanta wa Yaya ɗaya bayan ɗaya, tana tsallake masu zafi, shi kuma yana miƙo hannu yana komar da ita kan waɗanda ta tsallake. Na ƙarshe daga wani ne da bai sa suna ba. Ya ce shi maƙeri ne, yana saurare ne yana aiki, kuma tsakani da Allah tun da aka fara labaran nan bai taɓa gane ko ɗaya ba, amma bai taɓa kashewa kafin ƙarshe ba.

"Wannan ɗan'uwana ne," in ji Mai Kati. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Yanzu labaran sun kai hamsin da uku. Yaya ya rage sauri, wani lokaci sai ya yi wata guda kafin ya turo littafi. Ita ce dai ke bugawa, ita ce ke karantawa. Akwai guda ɗaya, na talatin da takwas, da ta tabbata ta gane shi sarai daga farko har ƙarshe. Ta je da murna ta yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara har ta gama, ya ce, "A'a," ya nemi a ƙara masa ruwan shayi.